Maɗacin Gidan Kakana

Jikata ce ta kawo mini shi a kofi, wai wata maƙwabciya ta ce yana gyara ciki. Ban kai shi baki ba. Tun yana hannunta hancina ya gaya mini jiƙon sassaƙen maɗaci ne, ruwan nan ja-ja mai ɗacin da ke tsaya wa mutum a maƙogwaro tun kafin ya haɗiya. Na ce ta ajiye. Ta ajiye ta fita, ta ɗauka ƙyuyar shan magani ce irin ta tsofaffi. Ni na san abin da ya hana ni, kuma tun da ba sauran shekaru masu yawa a gabana, gara in faɗa maka, kai mai karatu, domin akwai wani yanki na labarin nan da ko 'ya'yan da na haifa ban taɓa gaya musu ba.

An haife ni zamanin Turawa, a wani ɗan ƙauye da ke kan tudu cikin fadamar kogin Haɗeja, tsakanin Auyo da birnin Haɗeja. Rabin shekara muna da hanya, rabin shekara ba mu da ita. In ruwa ya sauko a tsakiyar damina sai ya cika fadama ya kewaye mu, garin ya zama kamar ƙwarya a kife a tsakiyar tafki. Mai son zuwa birni sai ya nemi kwalekwale, ko ya kwanta rub da ciki a kan babbar gora irin ta masunta ya yi ta tuƙi da hannu. Shinkafa muke nomawa a fadama, gero da dawa a jigawa. Garin kullum yana ƙarnin kifi da hayaƙin banda.

Kakana, mahaifin babana, shi ne mai gidanmu. Dogo ne siriri mai magana a hankali. In akuyar wani ta shiga gonarsa ba ya jifanta, kamo ta yake yi ya kai wa mai ita. Bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ko da a matsayin shaida, kuma na lura yana jin daɗin a faɗi haka a gabansa. Ni yakan tsokane ni irin wasan kaka da jika, ya ce amaryarsa ce da ba ta iya tuwo ba.

A bayan gidan, jikin dangar da ta raba mu da maƙwabta, akwai wani maɗaci da uban kakana ya dasa ranar da ya kafa gidan. Maza uku ba sa iya rungume shi. A inuwarsa mata ke daka, a nan ake shanya kuɓewa, a nan muke wasa. Balbelu sun mai da samansa gida, ƙasan kullum fari fat da kashinsu. Mutane daga ƙauyukan kewaye sukan zo roƙon sassaƙensa don ciwon ciki da zazzaɓi, kakana kuwa ba ya hana kowa, har gefe guda na jikin itacen ya zama tsirara tun daga ƙasa zuwa iyakar inda hannu ke kaiwa.

Maƙwabcinmu masunci ne, sa'an babana, tare aka yi musu kaciya. Ɗakin mahaifiyarsa, ɗan ɗakin ƙasa mai jinka, yana daidai ƙarƙashin manyan rassan maɗacin. Iya muke ce mata. Yanar ido ta makantar da ita tun kafin in yi wayo, amma babu mai saƙar tabarma kamarta a garin. Akwai wata kafa a jikin danga da nake bi in je wurinta. Ni ke tsage mata kaba in jiƙa, ina miƙa mata ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana ba ni labarin mutanen da suka mutu tun kafin a haifi babana, kamar jiya ta rabu da su. Takan gane tafiyata tun daga nesa. Ta ce ina jan ƙafar hagu kamar kakata.

Ina da kamar shekara takwas aka kawo dokar itace. Da rani wani mutum ya zo a kan keke, sanye da kaki, da gwangwanin jan fenti a rataye. Aka ce shi ne malamin daji. Bulama, wato mai garinmu, ya tara magidanta a ƙofar gidansa, mu yara muka laɓe a bayan zana muna saurare. Malamin ya karanta sunayen itatuwa: maɗaci, ɗorawa, giginya, tsamiya, kaɗanya, da wasu da na manta. Ya ce daga yau ba mai sare ɗayansu sai da takardar izini, ko a daji yake, ko a gona, ko a tsakar gida. Ya ce kuma duk itacen da aka shafa wa alama, in wani abu ya same shi, mai gonar ko mai gidan ne zai amsa.

Wani dattijo ya ce, "Malam, har wanda ubana ya dasa da hannunsa?"

Ya ce, "Har shi, Baba. Ka sha inuwarsa, ka ci 'ya'yansa, ba mai hana ka. Gatari ne kawai aka hana."

Ba zan ce dokar ba ta da dalili ba. Masu sassaƙar jirgi da turmi sun kusa gama da manyan itatuwan bakin kogi, kuma tun da jirgin ƙasa ya iso Malam Madori ake ta kwasar giginya da itacen wuta ana kaiwa can. Kakana da kansa ya ce abin ya yi daidai. Shi ya riƙe wa malamin gwangwani lokacin da yake shafa jar alama a jikin maɗacinmu.

Ba a daɗe ba muka ga yadda dokar take cizo. Wani mutumin garinmu ya sauke rassan ɗorawar gonarsa don sun hana geronsa rana. Aka zo aka tafi da shi da igiya a ƙugu, matansa na biye suna kuka har bakin gari. Sai bayan watanni ya dawo, kansa a aske, ya tarar ciyawa ta cinye gonar. Tun daga ranar ko yaro ba ya jifan tsamiya sai ya waiwaya.

Damina ta biyu bayan wannan, ruwa ya wuce inda ya saba tsayawa. Ya hau tudu, ya shigo ta bayan gidanmu, ya kwanta a gindin maɗacin kusan wata guda. Da ya janye aka ga ƙasa ta tsage ta gefenmu, saiwoyi biyu masu kaurin cinyar mutum sun ɗago, itacen ya sunkuya wajen maƙwabta. Gefen da ake sassaƙa ya ruɓe, gara ta shiga. In aka buga shi da taɓarya sai ya amsa kamar ganga.

Bayan an gama kaka maƙwabcin ya zo da safe, tare da liman da wani dattijo. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa gaban kakana. Ni ina shara a tsakar gida, na ji komai.

Ya ce, "Baba, ba rashin kunya ta kawo ni ba. Itacen nan ya karkato kan ɗakin tsohuwa. Na zo da liman ne don ya zama an faɗa."

Kakana ya ce, "Na gani tun kafin ka gani. Ka faɗa, na ji, shaidu ma sun ji. Zan nemo takarda."

A lokacin ban san nauyin da ke cikin zuwa da shaidu ba. Kakana ya sani.

Sau uku ya taka zuwa birni a ranin nan, da sandarsa da 'yar butarsa, ya fita da sassafe ya dawo ƙafafu a kumbure. Zuwan farko aka ce mai ba da takarda ya tafi rangadi. Na biyu aka ce maɗaci ba kamar sauran ba ne, sai Bature da kansa ya sa hannu, shi kuma ba ya sa hannu sai an kai masa rahoto. Na uku ya samu ya taho da malamin daji. Malamin ya zagaya itacen, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa tsagar ƙasa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama.

Ya ce, "Baba, ganyensa kore shar. Ni ma a ƙarƙashin wani nake. In na rubuta matacce ne, aka zo aka ga ganye, ni za a kora."

Kakana ya ce, "To, ko rassan da ke kan ɗakin a bar mu mu sauke."

Ya ce, "Reshen maɗaci ai maɗaci ne. Zan rubuta abin da na gani, ku ƙara haƙuri."

Kakata ta kamo masa kaza, ya ƙi karɓa. Ba mugun mutum ba ne. Na daɗe ina so a ce mugu ne, da abin ya fi mini sauƙi.

Shamuwa ta iso, gabas ta fara baƙi, takarda ba ta zo ba. Wata rana da hantsi babana ya fito da gatari ya zauna yana wasa shi a kan dutse. Kakana ya tsaya a kansa ya tambaye shi abin da zai yi.

Babana ya ce, "Ka bar ni in hau in sauke rassan can uku. In an zo kamu a kama ni."

"Ni ne mai gida, ni za a tambaya. Kuma ko wanne aka ɗaure a cikinmu a bakin shuka, wa zai ci da gidan nan? An ce takarda tana tafe."

"In hadari ya riga ta fa?"

Kakana ya dubi gatarin. Ya miƙa hannu, babana ya daɗe kafin ya ba shi. Ya kai gatarin ɗakinsa ya tura ƙarƙashin gado. Ranar ce kaɗai na taɓa ganin babana ya tashi daga gaban ubansa ba tare da an sallame shi ba. Abin da suka iya yi shi ne, suka tokare itacen da manyan gwafanni biyu ta gefen maƙwabta, suka ɗaure shi da igiyar kaba suka ja zuwa wani turke a gidanmu. Ko ni da nake yarinya na ga abin kamar a ɗaure raƙumi da zare.

Sai aka koma kan Iya. Kakana ya sa aka share mata ɗaki a gidanmu, aka yi sabon daɓe, ya je da kansa ya roƙe ta ta dawo can har damina ta wuce. Ɗanta ma ya yi ta lallashi. Ta ƙi.

Ta ce, "A ɗakin nan aka kawo ni, a nan na haifi tara na binne bakwai. Na san inda randa take, na san inda ƙofa take, ba mai riƙe mini hannu. Ku kai ni wani ɗaki in zama kayan ajiya?"

Da ƙyar aka samu ta yarda da abu guda. Duk lokacin da hadari ya haɗo, za a je a jawo ta zuwa gidanmu ta zauna har iska ta wuce. Ta ce ba hannun da za ta riƙe sai nawa. Haka aikin ya zama nawa. Na yi shi sau da yawa a daminar nan. Da ta ji tafiyata sai ta ce, "Ga dogarin Bature ya zo kama ni." Mu bi ta zaure a hankali, tana mita, ta zauna a ɗakin innata ta sha fura, in gari ya lafa in mai da ita. Kullum muka koma takan shafa bangon ɗakinta ta ce, "Kin ga, yana nan."

Ranar da abin ya faru muna tsakiyar marka. Kwana uku ana yayyafi ba ƙaƙƙautawa, ƙasa ta yi laushi kamar kunu, ruwa ya riga ya kewaye gari. Bayan la'asar sai yayyafin ya tsaya, gari ya yi tsit, gabas ta yi baƙi ƙirin. Innata ta ce in ruga in taho da Iya. Na bi ta kafar danga na same ta tana ɗaure bakin wata tabarma, saura kaɗan ta gama.

Ta ce, "Ɗauki kwandon kabar nan ki fara kaiwa, kar ya jiƙe. Kafin ki dawo na ɗaure bakin nan."

Na ɗauka na ruga. Ina ajiye kwandon a ƙofar innata iska ta taso. Ina da wata kaza a lokacin, abu na farko da aka taɓa cewa nawa ne a duniya, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki bakwai. Na ga iska tana watsa su a tsakar gida kamar auduga. Na ce bari in tura su akurki, ai yanzu ne. Na tura shida. Na bakwai ya shige ƙarƙashin rumbu. Na kwanta rub da ciki ina miƙa hannu, yana matsawa, ina ƙara kutsawa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai san na kamo shi, yana cikin tafin hannuna da ɗuminsa, lokacin da na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin cikina.

Ba ƙara mai tsanani maɗacin ya yi ba da farko. Wani dogon nishi ne, kamar saniya tana naƙuda, sai igiyar ta tsinke, sai kuma ƙasa ta girgiza. Da na fito daga ƙarƙashin rumbun na ga sarari a inda ban taɓa ganin sarari ba. Balbelu sun cika sama suna ta kewaya wurin.

Maza suka taru a cikin ruwan sama. Kakana ne ya shiga ɗaki ya fito da gatarin ya miƙa wa babana. Babana da maƙwabcin suka yi ta sara, ɗaya ya gaji ɗaya ya karɓa, sauran suna janye rassa da ɓaraguzan bango da hannu. Dab da magariba suka kai gare ta. Ta riga ta cika. Matan da suka yi mata wanka sun ce sai da suka warware kaba daga yatsanta. Washegari aka binne ta a can ƙarshen tudu, domin rabin maƙabarta yana cikin ruwa.

Ba wanda ya tambaye ni komai. Kowa ya ɗauka ban kai ga isa ba itacen ya faɗi, har ana ta yi wa innata barka da Allah Ya tsare ni. Innata kaɗai ta ga kwandon kabar a ƙofarta. Ta dube shi, ta dube ni, ta ɗauke shi ta shigar ɗaki. Har ta bar duniya ba ta taɓa ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Da ruwa ya janye hanya ta buɗe, malamin daji ya dawo da 'yan doka biyu. Ya auna gungumen da igiya, ya bi rassan yana duba bakin gatari. Ya tambayi wanda ya sa wa itace mai alama ƙarfe.

Maƙwabcin ya ce, "Uwata ce a ƙarƙashinsa, Malam."

Malamin ya sunkuyar da kai. Ya ce ya sani, ya kuma yi ta'aziyya, amma itace mai alama ba ya faɗuwa a rasa bayani, kuma a can sama za a ce sare shi aka yi aka fake da iska. Dole wani ya bi shi ya yi bayani da bakinsa. Kakana ya miƙe zai ɗauki sandarsa. Babana ya riga shi, ya ce shi ya yi saran, ga ma kantar gatari a hannunsa. Aka tafi da shi. Kusan wata guda ya yi a tsare kafin a saurari maganar, sai da Bulama da liman suka je suka ba da shaida aka sake shi da jan kunne. Watan nan kuwa shi ne na yankan shinkafa. Ni da innata da kakana muka yi iya yinmu da lauje, tsuntsaye suka cinye saura. Babana ya dawo da wani tari da bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa.

Bai gama hutawa ba sammaci ya zo daga alƙali. 'Yan'uwan Iya da ke wani ƙauye wajen Baturiya su suka matsa sai an yi shari'a. Ban je ba, babana ne ya ba ni labari bayan na girma. Ya ce alƙali ya tambayi kakana ko an gargaɗe shi a gaban shaidu. Ya ce an gargaɗe shi. Ya tambaye shi ko itacen nasa ne. Ya ce nasa ne. Bulama ya nemi izini ya kawo maganar takarda da tafiya uku zuwa birni. Alƙali ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce wannan dokar wani ofishi ce, ba shi ya kafa ta ba, ba kuma shi zai warware ta ba. Abin da ke gabansa shi ne mai gida, da itacensa, da gargaɗi, da rai. Ya ce alhakin yana kan kakana, diyya ta hau shi.

Nan maƙwabcin ya tashi ya ce shi ne magajin uwarsa, kuma ya yafe. Ya ce ba zai karɓi komai daga hannun mutumin da ya ɗauki gawar ubansa ba. Babana ya ce a hanyar dawowa kakana bai yi magana ba sai sau ɗaya. Ya ce da an karɓe masa gonar fadama da ya fi samun sauƙi.

Gungumen kuwa aka sake shafa masa jar alama, aka ce yanzu dukiyar hukuma ce, kada wanda ya taɓa. Ya zauna nan a kwance, ya danne danga, ya danne kufan ɗakin Iya, rabinsa a gidanmu rabinsa a nasu. Maƙwabcin bai iya jurewa ba. Kafin wata damina ya ɗaure kayansa. Ya zo ya yi wa kakana sallama a durƙushe kamar yadda ya saba, sannan ya ja babana gefe ya ce, "Wallahi ban riƙe ku da komai ba. Amma ba zan iya tashi kullum in ga abin nan ba." Ya koma Malam Madori yana dakon buhunan gyaɗa a tasha, mutumin da ya san kowane lungu na fadama kamar tafin hannunsa. Ba mu sake ganinsa ba. Sai da gungumen ya yi rani biyu a wurin sannan masu zarto suka zo suka tsaga shi katako aka ɗora wa jakuna. Takardar da kakana ya nema, har yau ban ji wanda ya ce ya gan ta ba.

Kakana ya canja. Ya daina zama a ƙofar gida, ya daina tsokanata. A da in ya ga ɗan tsiron gawo ko tsamiya a gona yakan kewaye shi da ƙaya don kada awaki su ci. Yanzu da ruwan farko ya sauka sai ya ɗauki fartanya ya bi gonar kunya-kunya, duk tsiron itacen da ya gani ya tumɓuke shi tun bai kai a shafa masa fenti ba. Ba shi kaɗai ba. Magidantan garin da suka ga abin da ya same shi duk suka bi sahu, ba tare da wani ya ce a yi ba.

A bayan rumbunmu wani ɗan maɗaci ya tsiro daga irin da tsohon ya zubar. Na gan shi na yi shiru, har ina rufe shi da fasasshiyar tukunya in na ji tafiyar kakana. Wata safiya na tarar da shi tsaye a wurin, tukunyar a gefe.

Ya ce, "Cire."

Na ce, "Kaka, ai ƙarami ne."

"Wancan ma ƙarami ne ranar da aka dasa shi. Cire."

Na durƙusa na cire. Saiwar ta fi tsiron tsawo. Ina riƙe da shi sai na ji maganar da na daɗe ina haɗiyewa ta taso mini. Na ce, "Kaka, ranar nan, na je ɗakin Iya. Ta ce in dawo."

Bai bar ni na ƙarasa ba. Ya dafa kaina, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ce, "Ke yarinya ce. Gatarin a ƙarƙashin gadona yake." Ya karɓi tsiron ya jefa wa awaki ya tafi. Ban san ko innata ce ta gaya masa ba, ko ya gane da kansa. Damina uku ya ƙara a duniya.

Shekaru biyu da suka wuce na koma ƙauyen gaisuwar mutuwa. Yanzu a kan babur ake zuwa. Ciyawar kacalla ta cinye rabin fadamar da muke noma shinkafa. A gidan da aka haife ni babu inuwa ko ta tsayuwar mutum ɗaya, masu zaman makoki suna ƙarƙashin rumfar kwano suna ta fifita. A rediyo kullum ana roƙon mutane su dasa itace, samari suna yawo da dashe a leda suna rabawa kyauta, kuma an ce har gobe akwai hukunci a kan wanda ya sare ba izini. Ba na jayayya da wannan, na ga yadda ƙasa take zama in ba itace. Abin da nake roƙo kawai, duk wanda ya ce wa mai gida kada ya taɓa, to, ya zama yana nan kusa ranar da mai gidan zai zo yana cewa abin ya karkata.

Yanzu ina zaune a gidan ɗana a cikin Haɗeja. Akwai darbejiya a tsakar gidan, wani reshenta ya haura katanga ya tsaya a kan ɗakin da yaran maƙwabcinmu ke kwana. Bana na ga ya fara tsagewa daga gindi. Ɗana ya ce zai je ofis ya tambaya kafin a sa masa zarto. Na ce ya je, haka ya kamata. Amma na sa aka kira mini maƙwabcin, na roƙe shi ya bar yaransa su dawo ɗakina har a sauke reshen. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai rani ne, ko iska babu." Na ce na sani, ya dai yi mini wannan alfarmar. Yaran suka kwana huɗu a wurina, su uku, suna ta shure-shure a kan tabarma. Rana ta biyar aka sauke reshen. Sai a ranar na iya cin abinci.